Bai Ƙwanƙwasa Bonet Ba

Ranar Talata, sha biyu ga Janairun 2016, Malam Inuwa ya tayar da motarsa bai ƙwanƙwasa bonet ba.

Sanyi ake yi a Riyad mai ratsa ƙashi, shi kuma ya makara. Ya murɗa mukulli, injin ya kama, sai ya ji wata 'yar ƙara sau ɗaya, fanbel ya yi tsuwa ya ci gaba da juyawa. Da ya ɗaga bonet sai ya ga Tsamiya, kyanwar matarsa Muhibba, ta riga ta mutu.

Da a ce ɗaya ce daga cikin dubban magunan da ke kiwo a bololin unguwar Malaz, da istigifari kawai zai yi ya wuce ofis. Amma Tsamiya ce ta farko da Muhibba ta tsinta, shekara huɗu da suka wuce, a bayan kasuwar kayan gwari ta Aziziya, ido ɗaya ya tsiyaye. Daga kanta Muhibba ta ajiye aikin nas na shekara goma sha tara, ta buɗe shafi a intanet tana koya wa mutane, da Hausa da Larabci, yadda ake kula da kyanwa, da abin da ba a ba ta, da inda za a kai wadda mota ta buge. Mutum dubu arba'in ke bin shafin. Malam Inuwa kuwa ya yi shekara ashirin yana fassara takardun kwangila, ya rubuta maƙala uku a kan tarihi waɗanda bai fi mutum bakwai suka karanta ba. Wannan bai taɓa yafe wa kyanwar shi ba.

Bidiyon da ya fi yaɗuwa a shafin, Muhibba ce tsaye gaban wannan motar tana cewa, idan sanyi ya shigo maguna kan shige cikin injin su ji ɗumi, don haka a ƙwanƙwasa sau uku kafin a tayar. Shi ya riƙe mata wayar ranar.

"Wato yanzu sallama zan riƙa yi wa mota?" in ji shi.

"Ka yi mata, Baban Sumayya. Ai za ta fi ka saurin amsawa."

Yana tsaye riƙe da bonet sai ga Oumarou, dattijon Maraɗi da ke gadin benen, ɗauke da bokitin wankin mota. Ya leƙa, ya ja da baya.

"Innalillahi. Malam, ta Hajiya ce."

"Ka ga wani abu ne?"

"Na gani mana. Hau ka gaya mata yanzu. Ta yi kuka, ta yi gaba da kai kwana uku, shi ke nan."

"Kai gadi aka ɗauke ka ko alƙalanci?"

"Gadi," in ji Oumarou. "Shi ya sa nake ganin komai."

Malam Inuwa bai hau ba. Ya tuɓe kwat ɗinsa ya naɗe ta, ya tafi, ya isa ofis ƙarfe goma ba kwat. Da yamma Muhibba ta tare shi a ƙofa ta ce Tsamiya ba ta dawo ba tun asuba. Ya ce, "Kyanwa ce, za ta dawo." Maganar ta fito masa sumul, har ya yi mamakin kansa.

A lokacin mata ba sa tuƙi a ƙasar. Don haka shi ne direban neman. Kullum bayan la'asar sai su fita: lungunan Malaz, sannan Dira, ta bayan shagunan turare, sannan Aziziya, ko ta koma inda aka tsinto ta. Muhibba kan sauke gilas tana kaɗa gwangwanin abinci tana kira. Kuma duk inda suka tsaya, kafin ya tayar, sai ta zagaya gaba ta ƙwanƙwasa bonet sau uku. Shi yana zaune, hannu a kan sitiyari, yana kallonta ta gilas.

Ta sa cigiya a shafin. Hotuna suka yi ta zuwa. Malam Inuwa bai taɓa sanin Riyad na da maguna masu ido ɗaya da yawa haka ba. Duk wadda suka je gani ba ita ba ce, amma Muhibba ba ta iya barin ta a can. Goma sha ɗaya ta kwaso a wata uku, ta yi musu magani, ta sama musu gidaje. Ya riƙe wannan hujja da kyau. Ƙaryar da ta ceci rai goma sha ɗaya, ai ko malamai sa yi saɓani a kanta. Mai karatu ba ya rasa hujja, wannan kusan shi ne amfanin karatun.

Sau biyu ya yi niyyar gaya mata. Na farko a fitilar hanya, ya buɗe baki sai aka ba da hannu. Na biyu suna cin abinci, ya ce, "Muhibba," ta ɗago, sai ya ce ta miƙo masa gishiri.

A watan Afrilu ta fara zama a mota, shi ya riƙa fita da gwangwanin. Abayarta ta yi mata yawa. Tsohuwar nas ce, ta san abin da jikinta ke faɗa mata tun Fabrairu, amma kullum sai ta ce gobe za ta je a duba, yau an turo hoto daga wata unguwa. Da aka duba, ciwon daji ne, ya riga ya kai hanta. Likitan ya tambaye shi me ya sa ba su zo da wuri ba. Malam Inuwa ya ce hidima ce ta yi yawa.

Ranar Alhamis ɗin ƙarshe, a asibiti, ta ce masa, "Na yi tunani. Wasu ne suka ɗauke ta. Tana da shiga rai, ka sani, ko kai ma ka so ta kana ɓoyewa."

"Ni?"

"Kai ɗin. Wa ke ajiye mata fatar kaza a ƙarƙashin tebur?" Ta yi dariya, tari ya katse ta. "Ka ci gaba da dubawa, ka ji? Ko sau ɗaya a mako."

Ya ce to.

Washegari ya fito da wuri, ya ƙudurta cewa yau kam zai faɗa, ko da shi ne abu na ƙarshe da za ta sani game da shi. Ya tarar an canja zanin gadon. An wuce da ita ɗakin kulawa ta musamman tun safe, ba ta ƙara farfaɗowa ba. Bayan sallar Juma'a aka yi mata sutura.

Sumayya, 'yarsu da ke aure a Kaduna, ita ta sa sanarwa a shafin. Mutum dubu uku suka yi ta'aziyya. Da yawansu shi suka yaba: mijin da ya yi wata uku yana yawo da matarsa neman kyanwa, irinsa sai an tona. Ya karanta duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Oumarou ya yi masa gaisuwa kamar kowa, bai ƙara kalma ba, kuma har yau bai ƙara ba.

Maganar da ya je da ita asibiti ranar nan ba doguwa ba ce. Ya bita a mota har ya haddace:

"Muhibba, babu gidan da suka ɗauke ta. Ni na kashe ta, na binne ta a Aziziya cikin kwat ɗina, kuma sau tara muna tsayawa a wurin kina kiranta."