Singiletin Lahti

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ba ni da yawan magana, kuma ban yi nisa a makaranta ba. Amma akwai mutum biyu da na kasa yi musu godiya baki da baki, shi ya sa na ɗauki biro.

Sunana Marnie. Wanki nake yi a filin hokin ƙanƙara na kwalejin garinmu, a arewacin Michigan. Mista Kangas, tsohon da ke kula da kayan 'yan wasa, shi ya ɗauke ni a watan Oktoba, ya ce gwaji ne zuwa ƙarshen kakar wasa. Kakata ba ta iya tashi, kuma wannan ne kaɗai aikin da zan iya leƙa ta da rana in dawo a ƙafa.

A watan Maris muka shiga gasar sili-ɗaya-ƙwale ta kwalejojin yankinmu. Da an shiga wannan gasa, kowa sai ya kama camfinsa. Ba mai aske gemu. Ba mai taɓa kofin sai an ci shi. Shi kuma Lahti, mai tsaron ragarmu, yana da wata shuɗiyar singileti da bai bari ta ga ruwa ba tun Janairu, lokacin da suka fara cin wasa a jere. Ƙusarta daban take a bango. Kowa ya san ba a taɓa ta, ni ma na sani.

Ranar wasan ƙarshe da safe na kwashe tawul daga ƙasa na zuba a inji na biyu. Ban san ta faɗo cikinsu ba. Sai da na buɗe injin busarwa na gan ta, fes, tana ƙamshin lemo.

Na daɗe a tsaye. Na yi tunanin in goga ta a ƙasa in mayar da ita ƙusarta, amma na san hancin Lahti ba zai ruɗu ba. In aka cinye mu, duk garin zai san wadda ta jawo, aikin kuma ya tafi. Na kai wa Mista Kangas, yana wasa kaifin takalman ƙanƙara a inji. Ya kashe injin, ya sunsuna rigar.

"Kai, 'yata," ya ce. "Da ma motar koci kika ƙona." Ya karɓe ta. "Biyo ni, kuma ki yi shiru."

A ɗakin shirin 'yan wasa ya ɗaga ta sama ya ce, "Lahti, ga rigarka. Ni na wanke. Tsufa ne."

Shekara talatin da ɗaya yana wannan aiki, ga shi zai ɗauki abin kunya saboda ni. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ba shi ba ne. Ni ce."

Duk gemunan nan suka juyo. Ina jin wasu a ranar suka fara jin muryata. Pelkie, kyaftin ɗinsu, shi ya fara magana.

"To Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Wata biyu ina zaune kusa da mushen nan."

Wasu suka yi dariya, Lahti bai yi ba. Ya karɓi rigar yana jujjuya ta. Na jira ya yi min tsawa. Sai kawai ya zura ta a wuya, ya ce, "Ba komai, Marnie," ba tare da ya dube ni ba. Ban ma san ya san sunana ba.

Da ƙarfe huɗu aka fara. Kafin a tashi zagaye na farko an zura mana faifai, wato ƙwallon hoki, sau biyu, na biyun ta tsakanin ƙafafun Lahti. Na gudu ɗakin wanki na rufe ƙofa, na kunna injin da ba komai a ciki don kada in ji ihun mutane. Can Mista Kangas ya turo ƙofa da burodi mai nama da dankali a takarda.

"Ci. Sannan ki fito ki kalla. Tun da nake ban taɓa ganin singileti ta tare faifai ba, yaron ne ke tarewa."

Na fito na tsaya a bakin ƙofar da 'yan wasa ke shiga. Muka rama ɗaya, sannan saura minti huɗu muka rama na biyu. Aka shiga ƙarin lokaci, inda wanda ya fara zurawa ya ɗauki kofi. Wani dogon ɗan wasansu ya ɓalle shi kaɗai, daga shi sai Lahti. Na rufe ido. Da na buɗe, faifan yana cikin safar hannun Lahti. Bayan minti biyu Pelkie ya zura.

Al'adar ita ce kyaftin ya ɗaga kofin, ya miƙa wa na gaba, kowa ya zaga fili da shi sau ɗaya. Da ya zo hannun Lahti bai zaga ba. Ya sulalo kai tsaye zuwa ƙofar da nake tsaye.

"Riƙe," ya ce.

"Ni? Ai ba a taɓawa."

"An ci shi, malama. Riƙe, hannuna ya gaji."

Yana da nauyi da sanyi, kuma gefensa ɗaya ya ɗan lotsa. Na ga fuskata a jikinsa, a karkace.

"Wane inji ne?" ya tambaya.

"Na biyu."

"Sabulun fa?"

"Mai lemo."

"To. Mako mai zuwa gasar ƙasa ce. Inji na biyu, sabulun lemo, ke da hannunki, kafin kowane wasa. Kada ki canza ko abu ɗaya."

Mista Kangas ya girgiza kai. "Shi ke nan, kun ɗaure ni. Yanzu ko ina so ban isa in sallame ta ba."

Na mayar wa Lahti kofin, na koma ɗakin wanki ban ce na gode ba.

Washegari da safe na dafa wa kakata shayi, na bi ta cikin dusar ƙanƙara zuwa fili. Singiletin tana kan ƙusarta, ta koma warinta. Na sauke ta, na jefa ta cikin tawul a ƙasa kamar jiya, sannan na kwashe su duka na zuba a inji na biyu.