Taga a Jikin Bututu

Hayaƙin ya ƙi bin hanyar da ya kamata ya bi. Nadine Tervo ta sake matsa 'yar robar gwajin da ke hannunta, siririn farin hayaƙi ya fito, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya karkata ya bi bayan tukunyar ruwan zafi ya ɓace.

"Kai kuma ina za ka?" ta ce da shi.

Tun safe take cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan su Sletten, a wata unguwa ta bayan Minneapolis inda gidajen duk kamar uwa ɗaya ta haife su. Ta riga ta bi bututun da ke kai iska mai ɗumi ɗakunan sama, ta ɓamɓare tsohon liƙin da ya bushe yana zuba kamar ɓawon itace, ta shafe kowace mahaɗa da danƙo mai ruwan toka. Amma har yanzu na'urarta cewa take iska na zurarewa, kuma ba kaɗan ba. Abin da ya riƙe ta a sana'ar nan shekara da shekaru ke nan: iska ba ta ƙarya, sai dai ta yi wasan ɓuya, ita kuma Nadine ba ta iya tafiya gida ba ta kamo ta ba.

Ta kunna tocila ta matse jikinta ta shiga lungun. Abin da ta fara cin karo da shi kujera ce ta katako, da matashi a kanta wanda zama ya lotsa. Kujerar tana fuskantar babban bututun da ke janyo iska daga ɗakuna ya mayar da ita cikin injin ɗumama gida. A jikin bututun an rataye wani tsohon farantin gasa burodi. Ta ɗaga shi.

Rami ne, mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar tafin hannu biyu.

Nadine ta sha ganin abin mamaki a cikin bututu. Ta ga gidan ɓera, ta ga motocin wasan yara, ta taɓa ciro haƙoran roba na wani tsoho. Tsatsa takan ci ƙarfe, mai gini yakan yi ganganci. Amma wannan ba tsatsa ba ce ba kuma ganganci ba. An yanka shi da almakashin kwano a natse, har an lanƙwashe bakinsa ciki don kada ya yanki hannu. Wa zai zauna ya yi wa ɓarna ado haka?

Ta fito ta kashe injin don ta duba da kyau. Gurnaninsa ya mutu, gidan ya yi tsit. Tana komawa ta kai tocila bakin ramin ke nan, sai murya ta fito daga ciki.

"Orrin? Kana nan ƙasa?"

Saura kaɗan tocilar ta suɓuce mata. Muryar tsohuwa ce, siririya, amma tar kamar a bayan kunnenta take magana. Nadine ta gane ta. Da safe da ta shiga ɗakin sama auna iska, ta tarar da Ardis Sletten zaune bakin gado an lulluɓe ta da bargo biyu. Mijinta Orrin ya kawo mata shayi, ta ja da baya ta dubi 'yarsu Darla ta ce, "Wannan mutumin wa ya bar shi ya shigo?" Tsohon ya ajiye kofin ya fita. Darla ce ta raɗa wa Nadine a bakin ƙofa cewa cutar mantuwa ce, ta daɗe tana cin ta.

"Orrin?" muryar ta sake kira.

Matakala ta yi ƙara. Tsohon ne yake saukowa, hannu ɗaya a jikin bango, yana sauri irin na wanda gwiwa ta daina yi wa biyayya. Ya ga farantin a hannun Nadine, ya ga ramin a buɗe. Ya ɗora yatsa a leɓe. Ta matsa masa, ya zauna a kujerar, ya kai bakinsa kusa.

"Ina nan, Ardis. Ina zan je?"

"To na ji shiru ne. Me kake ɓatawa yau?"

"Gyara nake yi."

"Haka ka ce ranar da ka gyara injin wanki, muka kwana muna kwasar ruwa."

"Injin ne ba shi da kirki."

"Uhm. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci."

"Ƙarya. Orrin Sletten, ko daga nan ina jin ƙaryarka."

Tsohon ya yi dariya ba sauti, kafaɗunsa na rawa. Suka ɗan ci gaba, tana ba shi labarin wani jan tsuntsu da ya sauka a kan dusar ƙanƙara a bakin taga, yana tambayarta ko na jiya ne ya dawo. Can muryar ta koma ƙunƙuni, sannan ta ɗauke. Ya karɓi farantin daga hannun Nadine ya mayar da shi a hankali.

"To, mai shafe-shafe," ya ce ba tare da ya dube ta ba, "kin kama ni."

"Mista Sletten, ni iska nake bi, ba mutane ba. Amma ka faɗa mini, ya aka yi ka gano wannan?"

Ya dube ta ya ga da gaske take tambaya. Sai ya gyara zama. Ya ce tun suna sabon aure nan ƙasa yake 'yan ƙere-ƙerensa, ita kuma in abinci ya nuna ba ta saukowa, sai ta durƙusa ta yi masa ihu ta ragar iskar da ke bangon ɗaki. Da ciwon ya yi nisa, fuskarsa ce ta fara ɓace mata. Wata rana tana kiransa mai gyaran famfo, wata rana ta ɓoye jakarta in ya shigo. Ran nan ya sauko sauya matatar injin, murfin yana buɗe, kwano ya yanke shi a yatsa, ya ɗura ashar.

"Sai na ji daga sama an ce, 'Orrin, wannan bakin naka!'" Ya girgiza kai. "Rabon da ta kira sunana tun rani. Na zauna a ƙasan nan, jini na zuba, ban ma ji ba. Washegari na sayo almakashi."

"Kuma kullum tana gane ka?"

"In ba ta gan ni ba. Ido ne ke ɓata mana. Wanda ta sani ba shi da wannan sanƙon da wannan wuyan na talo-talo."

Nadine ta yi murmushi, amma hankalinta yana kan tukunyar ruwan zafi da ke tsaye taku ɗaya daga ramin. Da gas take aiki. Ta ce ya ɗan jira. Ta kunna injin, ta buɗe famfon ruwan zafi har wutar tukunyar ta kama, sannan ta busa hayaƙi a gindin bututun da ke fitar da tiririn gas waje. Maimakon ya hau sama, sai ya dawo baya ya yi wajen farantin, ya sulale ta gefensa.

"Ka gani? Ramin nan zuƙa yake. Abin da ya kamata ya fita ta rufin gida, shi yake janyowa ya raba wa ɗakuna. Ba shi da wari, ba a ganinsa. Darla ta ce mini Mama na yawan ciwon kai kwanan nan."

Fuskar tsohon ta sauya. "Ai ina rufewa da farantin."

"Faranti ba ya tsare iska."

"To sai in sa masa tsumma. Ki yi aikinki can, ki bar mini nan. Yarinyar nan ba sai ta ji ba. Nema take ta sami dalili ta kai uwarta gidan kula da tsofaffi, takardun ma suna cikin motarta."

"Ba zan iya fita in bar shi haka ba, Mista Sletten. Kuma ba zan ɓoye mata ba."

"Ɓoye mini me?"

Darla ce tsaye a tsakiyar matakala, da kofin kofi a kowane hannu. Mace ce da ta doshi hamsin, gajiya ta yi mata zobe a ido. Nadine ta nuna mata ramin, ta sake busa hayaƙin. Darla ta ajiye kofunan a kan injin wanki da ƙarfi har suka fantsala.

"Baba! Kai ka yi wannan? Ina ta yawo da ita wajen likita, ana ta sauya magani, ashe kai ne nan kana huda gida?"

"Ban sani ba, Darla."

"Ba ka sani ba! To don me? Me kake nema a cikin bututu?"

Kafin ya amsa, muryar Darla ta hau bututun ta yi masa aikin. Daga bayan farantin aka ji, "Wace ce ke ɗaga wa ubanta murya haka? Darla, ke ce? Me kike yi a ɗakin ƙasa, na tabbata ko takalmi ba ki sa ba."

Darla ta daskare. Ta dubi ƙafafunta, safa ce kawai. Uban ya miƙe daga kujerar ya ja ta ya zaunar, ya cire farantin.

"Ni ce, Mama," ta ce da ƙyar.

"To hau ki sa takalmi. Kuma ki bar mahaifinki ya yi aikinsa, ko da yake ba iyawa ya yi ba."

Nadine ta ɗauki kofinta ta koma can ƙarshen ɗakin, ta ba su baya. Ba ta son kallon kukan mutane, kuma akwai abin da ke cin ta. Ta ɗaga tocila tana bin bututun da ke rufin da ido. Murya ba ruwanta da inda iska ta dosa, ƙarfe take bi. To in haka ne, dole sai ta wannan babban mai zuƙa? Ga wani siriri can da ya rabu shi kaɗai ya nufi ɗakin tsohuwar, mai kai ɗumi ne, hurawa yake ba zuƙa ba, kuma ya yi nisa da tukunyar gas. Sai dai yana da lanƙwasa biyu, kuma ba a bango yake fita ba, a ƙasa yake fita, ƙarƙashin taga. Ko magana za ta iya shan kwana biyu ta isa da kamanninta? Ba ta taɓa gwadawa ba. Ba wanda ya taɓa tambayarta.

Da ta dawo, Darla ta share fuska. "Sai an toshe ko?"

"Yau ɗin nan. Amma ina so in gwada wani abu, ban yi alkawari ba."

Ta yanko kwano ta rufe ramin Orrin, ta ɗaure shi, ta shafe gefensa da danƙo. Tsohon yana tsaye yana kallo kamar ana rufe kabari. Ta sake gwada hayaƙi, wannan karon ya miƙe sama ya fita abinsa. Sannan ta ja tsani zuwa siririn bututun, ta yanka 'yar taga, ta sa mata murfi mai roba a baki da 'yar sakata, irin wanda ake sa wa don shara. Ta maƙala ƙararrawar da ke kuka in ta ji tiririn gas a bango, ta ba Darla wata ta kai sama.

"In ka gama hira ka rufe, ka ja sakatar," ta ce wa Orrin. "In ba haka ba ɗuminta duk nan zai zube."

"Wannan ai ya yi mini tsayi."

"Sai ka tsaya. Likita ma zai so haka."

Ya yi tsaki, amma ya matso. Darla ta hau sama ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Nadine ta kashe injin. Orrin ya buɗe murfin, ya gyara murya, ya ɗaga haɓa.

"Ardis?"

Nadine ta kasa kunne, burushin danƙo a hannu yana ɗiga a kan takalminta.

"Ardis, ni ne."

Aka ji motsin gado, sannan jan silifa a kan katako, a hankali, yana yin nisa, ya tsaya, ya dawo. Tana neman inda muryar take. Tsohon ya dafa bututun da hannu biyu.

"Orrin?" Muryar ta zo a dusashe, amma ta zo. "Me ya kai ka ƙarƙashin taga?"

Ya rufe ido. "Ƙaura na yi."

"Ba ka da aiki sai ƙirƙira. To ka sa rigar sanyi, wajen nan iska gare shi."

"Yanzu an gyara," ya ce.

"Wa ya gyara?"

Ya saci kallon Nadine, ya mayar da bakinsa ga tagar.

"Ni mana."