Waƙoƙin Babakura a Bakin Fanne

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, Kaka, kunnenmu na gare ki.

To, ku matso, muryata ba ta nisa yanzu. A unguwar Bolewa ta Potiskum akwai wani tsoho, Babakura mai jita. Yana saurayi direbobin manyan motoci suka riƙa kawo faifan mawaƙan baƙar fatar Amurka Potiskum, shi kuwa ya liƙe wa garmaho har ya kama salon. Daga nan ya shiga tsara nasa da Hausa. Ya yi wasa a Damaturu, ya yi a Jos, an taka rawa an watse.

Sai dai bai taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba. In waƙa ta zo masa, sai ya rera wa matarsa Fanne tana tankaɗe, sau biyu kawai, ta zauna mata a ka. Ranar wasa ita ke tuna masa a bakin ƙofa.

Zamani ya juya, aka daina kiransa. Ya rataye jita, ya koma ɗinkin buhu a kasuwar hatsi.

Bara sai ga Sharifa, ma'aikaciyar wani gidan rediyo. Ta ce, "Baba, ranar Laraba zan dawo mu naɗi waƙoƙinka, kada su ɓace."

Ya ce to. Amma fa kiɗan ne kaɗai ya rage a yatsunsa, kalmomin suna wurin Fanne. Ita kuwa ɓarin jikinta ya shanye, magana sai da ƙyar.

Da hantsi ya shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ya kaɗa jita.

"Fanne, wadda na yi kan hanyar Nangere, yaya farkonta?"

Ta daɗe tana motsa baki. "Kai... ka yi ta, ni kake tambaya?"

"Ai ke ce ma'ajiyar."

"Ma'ajiyar ta tsufa, Malam. Kai ma ga yatsu kamar rogo."

Duk da haka ta ba shi, kalma ɗaya, a huta, kalma ɗaya. Kwana uku suka samu waƙa huɗu. A rana ta huɗu ya matsa mata kan ta biyar, wadda ya fi so, yana maimaita kiɗan yana cewa ta daure. Da ya ɗaga kai sai ya ga gumi ya jiƙe mata ɗankwali, tana ta ƙoƙari ba ta ce masa ta gaji ba. Kunun da aka kawo mata tun safe yana gefe, ya huce.

Ya jingine jitar da bango.

Ta ce, "Saura... da yawa."

"Bar su, Fanne. Buɗe baki ki sha."

Ranar Laraba Sharifa ta tambaya, "Baba, huɗu kawai? An ce sun haura talatin."

Ya ce, "Huɗu ne, 'yata. Kunna abin naki, bayana na ciwo."

Sharifa ta naɗi huɗun, ana saka su a rediyo jefi-jefi. Fanne ta ƙara wata bakwai ba wanda ya sake tambayarta waƙa, ta rasu farkon damina, sauran suka tafi tare da ita. Babakura yana nan kasuwar hatsi yana ɗinkin buhu.