Wa Zai Ɗauki Akwatin Willa

Shekara ashirin da shida ina buga wa Alƙali Orrin Teasley takardu a kotun tarayya, kuma wallahi ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba.

A 1963 ya yanke hukunci cewa ranar Litinin makarantar turawan garinmu za ta karɓi yara baƙar fata huɗu. Ranar Alhamis matarsa Willa ta rasu. A wajenmu maza shida na cocinka ne ke ɗaukar akwatin gawa, kuma ba a taɓa jin wanda aka kira ya ƙi ba. To, saboda hukuncin nan duk shidan sun ƙi. Ko kwanon abinci ɗaya ba a kawo gidan makoki ba, matan da Willa ta yi wa jinya shekara da shekaru! Har yau raina ɓaci yake.

Ranar Juma'a Dub Haskew, shugaban hukumar makarantu, abokin alƙali tun suna yara, ya shigo ofis yana murza hula.

"Orrin, ɗaga abin nan zuwa baɗi mana. Sa hannu kawai. Gobe mu shida za ka gan mu."

"Au, gawar ma ciniki ake da ita yanzu, Dub?"

"Haba, kar ka ce haka. Jama'a ce ta matsa."

"Jama'a ba ta zaɓe ni ba, ba kuma ita za ta sauke ni ba. Ga ƙofa can, ka gaida gida."

Ranar Asabar a maƙabarta daga ni sai shi sai mai shirya gawa. Can sai ga Fasto Isom Pettway, uban ɗaya daga cikin yara huɗun nan, da maza biyar cikin baƙaƙen kwat. Na ce a raina, Allah ya kawo mafita.

"Ranka ya daɗe, mun zo ɗaukar baiwar Allah," in ji Fasto.

Alƙali ya girgiza kai.

"Fasto, ƙararka tana gabana. Kuka taɓa akwatin nan, lauyoyin hukumar makarantu za su ce kun saye ni, a kai kotun sama a rushe hukuncin. 'Yarka ta koma gida ke nan."

"Yallaɓai, wa zai sani?"

Alƙali ya nuna titi da haɓa. Motocin mutanen cocinmu ne jere, kowa na leƙe ta gilashi.

Sai Fasto da mutanensa suka ja baya, suka tsaya bakin shinge, huluna a hannu. Mai shirya gawa ya kawo keken tura akwati. An kwana ana ruwa, ba mu yi taku ashirin ba ƙafar keken ta kafe a jar laka. Ni dai kuka nake, ban ɓoye ba.

Alƙali, tsoho mai shekara sittin da takwas, ya tuɓe kwat, ya miƙo mini, ya kafa kafaɗa a jikin akwatin.

"Yi haƙuri, Willa," in ji shi. "Za mu ɗan makara, amma ni zan kai ki."