Hanyar da Baba Direba Ya Auna da Zare

Baba Direba ya gaji tiɓis. Tun safe yake kan kujerar ƙarfe a filin jirgin wata ƙasa, ba tasa ba, ba kuma wadda za shi ba. Ƙafafunsa sun kumbura har ya cire takalma ya tura su ƙarƙashin jaka. Jirgin da zai ƙarasa da shi sai gobe. Can a wata nahiya, bayan teku, matarsa na kwance a asibiti za a yi mata aikin zuciya, ta kuma ce ba za ta shiga ɗakin tiyata ba sai ta gan shi.

Shi ya jawo wa kansa, ba kowa ba. Babban ɗansa, wanda ya kai ta can, ya gaya masa a waya, "Baba, ka hau mai bi ta arewa, ya fi saurin isowa."

Ina! Mutumin da ya tsufa a kan sitiyarin tirela za a koya wa hanya? Ya sauko da taswirar bangon falo, ya karɓi zare wurin 'yarsa, ya ja daga garinsu zuwa garin asibitin. Da ya auna ta arewan, zaren ma bai isa ba.

"Wannan ai zagaye ne," in ji shi. "A kai ni ƙuryar duniya sannan a dawo da ni? Ku yankar min tikitin miƙaƙƙiyar."

Miƙaƙƙiyar kuwa aka yanka. Abin da zaren bai nuna masa ba shi ne wannan zaman jiran na tsakiya. Da mota ce, da tuni ya sha ruwa ya taka wuta. Nan kuwa babu direban da zai lallaɓa, sai wani allo mai canza rubutu, da mata masu gogar ƙasa da suka sa shi ɗaga ƙafa har ya ƙosa. Takaici ya ishe shi, ga kunya.

Wajen la'asar waya ta yi ƙara. Ɗan nasa ne.

"Baba, likita ya ce ba za a kai gobe ba. Yanzu za a shiga da ita. Ga ta."

Ya miƙe tsaye ba takalmi. Ya ji ƙarar tayoyin gado, sannan muryarta, ƙasa-ƙasa.

"Baban yara, kana ina?"

"Ina hanya," ya ce. "Wallahi ina hanya."

Ta yi 'yar dariya, numfashinta na sarƙewa.

"Tun ina amarya nake jin wannan amsar. Haihuwar yaran nan duka kana hanya. To, Allah ya kawo ka lafiya. Ni an zo tafiya da ni."

Ya buɗe baki zai ce ta yafe masa, sai ya ji muryar ɗansa.

"Baba, sun rufe ƙofar."