Yatsun Kawaja Manoli

Kawaja Manoli ya rasu a tsakiyar damina, kamar yadda ya saba yin komai a lokacin da bai yi wa kowa daɗi ba. Kogin Rahad ya cika ya batse, baƙar ƙasar nan ta koma taɓo, lorin da ya taso daga Gadarif ya kafe tun bai hango ƙauyensu Hawata ba. Fadan cocinsu kuwa, wato limaminsu na Kirista, yana can Hartum. Ga zafi, gawa ba za ta jira hanya ta bushe ba.

Bagirke ne, shi ya sa ake ce masa Kawaja, wato Bature, shi ne kuma mai injin niƙan ƙauyen. Danginsa sun tattara sun koma ƙasarsu tuntuni, shi ya ce gwiwoyinsa sun riga sun saba da nan. Ba mata, ba ɗa. Abin da ya bari shi ne injin, da wata kyanwa mai ido ɗaya, da Maliki, mai wankan gawar ƙauyen, abokin shan gahawarsa tun suna da haƙora.

Abokantakarsu musu ce. Kullum da la'asar a gindin injin, Manoli zai ce, "A littafinmu sunan Allah Teyos, ya Maliki. Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki, amma Teyos ɗaya ne." Sai ya haɗa babban yatsa da manuni da na tsakiya wuri guda, ya taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu.

Maliki ya ce, "Kawaja, da wannan hannun ai gishiri ake ɗiba." Ya miƙe manuninsa. "Ga ɗaya. Ko makaho ya shafa ya san ɗaya ne."

"Naka ɗayan kaɗaici zai dame shi."

"Astagfirullah. Zuba mini gahawa."

Haka suka tsufa, ba wanda ya motsa daga inda yake. Da ciwon ƙirji ya kwantar da Manoli, ya riƙo hannun rigar abokinsa ya ce, "In babu fada, kai za ka wanke ni. Ka haɗa mini yatsun nan kafin ka rufe ni. Kada in isa can a ɗauka ɗan unguwarku ne." Maliki ya ce ya ji, ya kuma ɗauka.

Yayansa Hamisu, limamin ƙauyen, shi ya riƙe buta. Ya ce ba za a yi wa Manoli salla ba, amma maƙwabci ba a barinsa ga kuraye. Suka shimfiɗe tsohon a ɗakin bayan injin, inda garin dawa ya yi wa komai fari. Maliki ya yi aikinsa a natse, dama sannan hagu, yadda mahaifinsu ya koya masa, wanda ya baro Katsina a ƙafa da niyyar Makka, Allah ya ajiye shi a nan. Daga wurinsa Maliki ya gaji wata ɗabi'a: kafin ya naɗe mamaci, yakan lanƙwashe yatsun hannun damansa ya miƙar da manuni, don ya tafi da shahada a hannu.

Sai da ya jawo likkafani ya ga abin da ya yi. Ga Kawaja Manoli kwance, yatsa ɗaya a miƙe.

Ya kai hannu zai gyara, Hamisu ya ce, "Bar shi haka."

"Yaya, hannuna ne ya yi, ba ni ba."

"To wa ya sa hannun? Kana son mutumin nan ko ba ka sonsa? Ka san abin da za a tambaye shi a kabari. Bar shi ya tafi da abin nunawa."

Maliki ya tsaya. Yana sonsa, nan ne wahalar take. Dare nawa ya yi sujada yana roƙar wa wannan mai taurin kan shiriya, ga shi yau ta zo a sauƙaƙe, ba gardama, ba zancen kaɗaici. Ya dubi fuskar. Bakin da bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba yana rufe da ɗaurin ƙyalle.

Ya ce, "Yaya, tun gemuna yana baƙi nake musu da shi, ban ci ba. In na ci yau, gawa na ci."

"Ka san dai me yatsu ukun ke nufi."

"Na sani. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa. Ni amana aka ba ni."

Yatsun sun fara sandarewa. Sai da ya murza su da ruwan ɗumi suka yarda suka haɗu, ya yagi bakin likkafani ya ɗaure su. Hamisu ya ajiye butar ya fita. Amma da aka zo saka gawar a ramin da aka haƙa bayan injin, shi ya kama wajen ƙafafu.

Mutane suka yi cirko-cirko, ba wanda ya san me ake cewa a kan kabarin Bagirke. Maliki ya laluba kansa, duk tsawon zaman nan kalma ɗaya tak ya tsinta daga harshen abokinsa. Da ita ya yi amfani.

Ya ce, "Ya Teyos, ga Manoli nan. Yadda ya ce in kawo shi, haka na kawo shi. Abin da muka yi ta ja a kai, Kai ka fi mu sani."

Ya miƙe nasa manunin, ya yi shahada a hankali, don kansa. Sannan ya duƙa zai jefa ƙasar farko. Taɓon ya ƙi ɗibuwa da tafi, sai da ya tsunkuno shi da yatsu uku, kamar mai ɗiban gishiri. Ya dubi hannun nasa jim kaɗan, ya saki ƙasar a ramin.