Ranar Da Aka Kira Mai Kek

A Samaru, in dai ana maganar kek ɗin biki, da wuya a tashi hira ba a ambaci Hephzibah ba. Amma ka tambayi masu ambaton nata yadda fuskarta take, sai ka ga ana kallon juna. Hannuwanta kawai duniya ta sani: sirara, da ɗan tabon ƙuna a bayan na dama, suna fasa ƙwai, suna kaɗa bota da sukari, suna murɗa furanni a gefen kek kamar ba aiki ba. Su ake gani a shafinta na Instagram da na Facebook, da su kuma ta tara mabiyan da ko a mafarki ba ta zata ba.

Muryar da ke bin hannuwan nan kuwa ba tata ba ce. Ta ƙawarta Nnenna ce, 'yar mai shagon kayan kek a kasuwar Sabon Gari. A Sabon Garin aka haifi Nnenna, don haka Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ga Turanci, ga buroka, ga surutun da ba ya neman a ba shi ruwa. Ita ce ta fara ɗaga waya a kan kwanon kwaɓin Hephzibah wata rana da ta kawo mata fulawa, ta yi ta zuba bayani tana dariya. Suka ɗora bidiyon don wasa, kafin su farga matan malaman jami'a sun fara tambayar ina mai kek ɗin nan take.

Dalilin wannan rabon aiki ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san gidansu. Hephzibah tana da i'ina, mai ƙarfi kuwa. Tun tana firamare yara ke binta suna kwaikwayonta, har ta koyi yin shiru, ta kuma ƙware a kai. Sunanta ma, wanda mahaifinta ya tono daga Littafi Mai Tsarki ba tare da ya tausaya wa harshen kowa ba, shi ya fi ba ta wuya. Wuri ɗaya ne harshenta ke sakin ta: a cikin mawaƙan coci, layin tsakiya, inda ba mai ganin ta sosai. In tana waƙa ba ta sarƙewa ko kaɗan. Mama Winifred, shugabar zumuntar mata ta cocinsu, ta yi ta fama da ita ta riƙa ba da waƙa, ita kuwa sai dai ta yi murmushi ta sulale.

Don haka a saman shafinta ta rubuta: "A turo saƙo kawai. Ba a kira." Mutane kuwa, da yake ba su rasa fassara, suka ɗauka tsabar aji ne. Wai ai babbar mai sana'a ba ta da lokacin ɗaga waya. Har wata mai ɗinki a Hayin Dogo ta kwafi layin ta manna a nata shafin, ta zauna tana jiran arziki.

To, akwai al'adar bikin coci da kowa ya sani. Kafin ango da amarya su yanka kek, emsi, wato mai gabatar da biki, zai kira wadda ta yi shi, ta fito gaban jama'a ta yi bayani: me farin ke nufi, me ya sa hawa kaza, me aka zuba a ciki. Nan ne mai kek ke tallata kanta, domin duk uwar da ke da 'ya a gida tana kasa kunne, wayoyi kuma suna sama suna ɗauka. Duk bikin da aka kira Hephzibah, Nnenna ce ke ɗaura atamfar aikin mai ɗauke da sunan shafin ta fita. Ita kuwa mai kek ɗin tana can baya kusa da kulolin shinkafa, tana jin ana tafi.

Tana jin daɗin tafin, ba za a ce ba ta ji ba. Amma wata rana a cikin kasuwa wata mata ta rungume Nnenna tana cewa, "Hephzibah, Allah ya yi wa hannun nan naki albarka," alhali mai hannun tana tsaye a gefe rungume da ledar fulawa. Nnenna ta buɗe baki za ta gyara, Hephzibah ta taka mata ƙafa. A keke napep, a hanyar komawa Samaru, abin ya yi ta cin ta. Ta gina suna da guminta, sunan kuma ya tafi ya zauna a fuskar wata, da yardarta.

Ana nan sai Toma, wani malamin sakandare ɗan cocin su Hephzibah, ya je shagon baban Nnenna sayen kyandir ɗin kek na ƙanwarsa, ya dawo ba kyandir, sai lambar wayar Nnenna. Magana ta yi nisa, manya suka shiga, aka sa rana. Aka kuma ce bayan biki Jos za su tare, don can aka mayar da shi aiki.

Ranar da suka zauna tsara kek ɗin, a ɗan kicin ɗin Hephzibah, obin na huci a gefe, sai ta rubuta a waya ta miƙa wa ƙawarta, kamar yadda takan yi in maganar ta yi mata nauyi: "Wa zai yi bayani?"

Nnenna ta karanta ta ajiye wayar. "Ke mana."

"K-k-kin san ba zan iya ba."

"To ni ce zan iya? Kin taɓa ganin amarya ta tashi da jelan riga tana tallan kek ɗin bikinta? Ƙawata, ki saurare ni. Kek ɗin nan ba shi ne gudummawanki ba, ko ba ki ba ni ba, zan ƙwata. Abin da nake so, ki tsaya gaban mutane ki ce ke kika yi. Zan tafi Jos. Ba zan tafi da sunanki a jakana ba."

"Za su yi d-dariya. Za su ɗora a waya."

"Su ɗora. Wanda ya yi dariya kuma ba zai ci kek ba, ni zan raba."

Hephzibah ta yi dariya, amma ba ta ce to ba. Abin da take tsoro a fili yake: shafin nan shi ne shagonta, shi ne allon tallarta, shi ne duk abin da ta mallaka na sana'a. Bidiyo ɗaya na mai kek tana kokawa da harshenta ya isa ya mayar da ita abin nishaɗin 'yan jami'a, daga nan kuma wace uwar amarya ce za ta so a kira ta gaban surukai? Tana sallamar Nnenna ta tura wa Jide saƙo, shi ne emsin bikin, ta roƙe shi ya tsallake bayanin kek. Jide ya amsa da cewa ba wahala.

Kek ɗin dai ta yi shi da zuciya ɗaya. Hawa uku, fari sol, da furanni ruwan goro irin launin ankon biki. Ranar Asabar ta rungume hawan ƙasa a cinyarta a bayan motar wani maƙwabci, sauran biyun a kwali a gefenta, tana hararar direban duk sanda ya doshi rami, har suka wuce Kwangila suka shiga Sabon Gari lafiya. Ta haɗa shi a zauren biki tun kafin a taso daga coci, ta ɗauki hotonsa ta kowane gefe, sannan ta koma wurinta na kullum kusa da kuloli.

Zaure ya cika. Dangin amarya sun zo daga kudu da manyan ɗaure-ɗauren kai, dangin ango sun zo daga Kachia, matan zumunta sun kama kusurwa guda da tulunansu na kiɗa da cakinsu. Jide yana juya harshe uku yana ba mutane dariya. Da aka zo kan kek ya cika alkawari.

"Oya, jama'a, mai kek ɗinmu babban mace ce, aiki ya riƙe ta. Mu wuce kai tsaye, ango da amarya su matso."

Daga inda take, Hephzibah tana hango fuskar Nnenna. Amarya ba ta motsa ba. Ta ɗaga kai tana duba zauren layi-layi, har idonta ya kai kan kuloli. Ba ta yi fushi ba, ba ta yi alama da hannu ba. Murmushi kawai ta yi, irin na wadda ta haƙura, ta kama hannun mijinta za ta miƙe. Wannan haƙurin ne ya fi ƙarfin Hephzibah. Kunya ta kama ta, ta kuma ji haushin kanta. Kafin ta gama shawara ƙafafunta sun riga sun yanke hukunci, sai ga ta a tsakiyar zaure tana miƙa wa Jide hannu.

Jide ya kalle ta, ya kalli tabon da ke bayan hannun, ya gane. Ya ba ta makirufo ba tare da ya ce komai ba, wanda a wurin Jide ba ƙaramin abu ba ne.

Wayoyi suka tashi sama. Ta buɗe baki.

"W-wannan k-k-k..."

Kalmar ta tsaya cak. Ta sake gwadawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya, lasifika kuma tana kai kowace sarƙewa har ƙofar zaure. Wani a baya ya yi 'yar dariya, aka ji ƙarar mafici a kan kafaɗarsa. Gumi ya karyo mata. Tana shirin mayar da makirufon ke nan sai ta ji bugun tulu daga kusurwa, a hankali, irin bugun da ake yi kafin a ɗauki waƙa. Mama Winifred ce, ta kafa mata ido tana bugawa, tana gyaɗa kai kamar mai cewa na daɗe ina jiran ki.

Hephzibah ta ja numfashi, ta bi kiɗan.

"Hawan ƙasa da citta na kwaɓa, cittar gonar su ango."

Matan zumunta, da ba a taɓa barinsu a baya wajen amshi ba, suka ƙirƙiro nasu nan take: "Mai kek, gaya mana."

"Na tsakiya kwakwa na zuba, don mutanen amarya."

"Mai kek, gaya mana."

"Na sama dabino ne a ciki, Zariya ce ta haɗa su."

Caki ya shiga, tafi ya shiga. Dangin amarya, waɗanda rabinsu ba su jin ko zo in kashe ka da Hausa, suka miƙe suna rawa suna amshin yadda ya zo musu. Ta rera farin, ta rera furannin, har ta tsokani ango da maganar kyandir ɗin da har yau ƙanwarsa ke jira. Zaure ya kwashe da dariya, wannan karon irin wadda take so.

Da kiɗa ya tsaya Jide ya matso zai karɓi makirufo, ta ɗaga masa hannu. Waƙa ta fitar da ita, amma ba waƙa Nnenna ta roƙe ta ba. Ta juya ta fuskanci Nnenna.

"Su-su-sunana..." Ta tsaya. Zauren ya jira ta, ba wanda ya taya ta ƙarasawa. "Sunana H-h-hephzibah. N-ni na yi kek ɗin nan. Duk w-wanda kuka gani a sh-shafin nan, ni na yi. M-muryar ce ta ƙawata, yau kuma n-na sallame ta."

Kwalliyar da aka ɓata safiya guda ana yi wa amarya ta tafi a banza. Nnenna ta taso da jelar rigarta da komai ta rungume ta, tana kuka tana ce mata muguwa. Sai da aka rarrashi amarya kafin aka lissafa haruffan sunan Yesu, kamar yadda aka saba a bikin coci, aka yanka kek.

Bayan sun tare a Jos, Nnenna ta turo mata bidiyon da wani ɗan'uwanta ya ɗauka, da tambaya a ƙasa: "In yanke farkon, a fara daga waƙan?"

Hephzibah ta kalle shi a kicin, tana jiran kwaɓi ya tashi a obin. Farkon ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ga ta nan tana kokawa da kalma ɗaya, ga gumi, ga 'yar dariyar nan ta baya. Amma ta ga in aka yanke shi, za a sake samun wata mai kek ɗin da ba ita ba, mai waƙa kawai, ta kuma gaji da ajiye wata a gaban shagonta. Ta rubuta: "Bar shi duka." Ta ɗora da kanta.

Mutane suka yi ta magana a ƙasa. Wasu na mamaki, wasu na sa albarka, matar nan ta kasuwa ta zo tana ba da haƙurin rungumar da ta yi wa wadda ba ita ba. Wani mai ƙarar kwana ya rubuta abin tsokana, matan Samaru suka yi masa ca har ya goge da kansa. Wata uwar amarya daga Basawa kuma ta tambaya ko waƙar tana cikin kek ɗin ne ko daban ake nema.

Hephzibah ta hau saman shafin, inda layin nan yake tun ranar farko. Ta goge "Ba a kira." Ta ajiye wayar a kan buhun fulawa ta juya ga obin.

Ba ta gama fito da kek ɗin ba wayar ta fara ruri, baƙuwar lamba. Ta tsaya tana kallon ta. Ta goge hannunta a jikin atamfar aikinta, wadda yanzu ita ke ɗaurawa, ta ɗaga.

"S-s-sannu," ta ce. "H-hephzibah ce. Ina j-jin ki."